Tacoma, yara uku da tirelar kwana: yadda lissafin ƙanina ya kaya

Tun lokacin korona ƙanina yake damuna da maganar nan. Ɗan kawuna ne amma gida ɗaya muka taso, yanzu kuma Allah Ya sake haɗamu a Columbus ta jihar Ohio, ni ina tuƙin babbar mota shi yana aikin asibiti. Abun da yake so shine irin ɗakin nan mai taya da turawa suke maƙalawa a bayan mota su tafi daji hutu, akwai gado, akwai ɗan kicin, akwai banɗaki da wajen wanka. In kace tirela a gida mutum zai hango mai ɗaukar siminti buhu ɗari shida, toh ba ita ba, wannan tirelar kwana ce. Kuma gaskiya ba shi ne ya fi matsawa ba, uwargida ce. Duk tafiyar da sukayi da yara sai an kama otel, sai an yi ta yawon neman abincin halal a garin da ko shagon Balarabe ɗaya babu, ƙarshe a ɓige da cin kifi da dankali kwana uku. Tace ita dai a bata murhunta da tukunyarta da banɗakin da zata ajiye butarta ba mai kallonta.

Motarsa Toyota Tacoma ce ƙirar 2019, mai ƙofa huɗu, mai ja da ƙafa huɗu, injin V6 lita 3.5. Wanda bai santa ba ya ɗauka ƙanwar Hilux ce, don anan Amurka ba a saida Hilux, Tacoma ce a madadinta tun 1995. A-kori-kura ce dai ta 'yan gayu. Kuma anan matsalar ta soma, don mu mun taso muna ganin Hilux ana labta mata buhunan masara har sifirin ya miƙe, a ɗora mutum goma a sama, ta tafi abinta. Da wannan idon yake kallon tasa.

Wata Asabar ya kirani yana ta murna, wai Yaya na samu, kazo ka gani kafin in sa hannu. Na sameshi a wajen wani dila a bayan gari, an buɗe masu wata doguwa mai tsawon ƙafa 26, gadon manya a gaba, gadaje masu hawa biyu a baya, ga gefe ɗaya da yake zamewa waje in an danna maɓalli falo ya ƙara faɗi. Yaran har sun raba gado, ana rigimar wa zai kwana a sama. Mai saidawar ya nuna min takarda, nauyinta laba 5,200, motar kuma tana jan 6,400, yace kaga har da rarar 1,200. Laba dai ita ce ma'aunin nan, ɗaya bata kai rabin kilo ba, wato 6,400 ɗin nan wajen kilo 2,900 kenan. Ƙanina ya kalleni yace Yaya ai lissafi a fili yake.

Ban ce masa komai ba, na ce bani makulli. Na buɗe ƙofar direba na durƙusa, a jikin ginshiƙin ƙofar akwai wata 'yar sitika mai ruwan ɗorawa da fari wadda take nuna iskar taya, doka ce kowace ƙaramar motar zamani a ƙasar nan tana da ita, a samanta an rubuta cewa nauyin mutane da kaya gaba ɗaya kar ya wuce kaza. Tasa 1,100 aka rubuta. Kilo 500. Shekara uku yana hawa motar bai taɓa karantawa ba, kuma ban ga laifinsa ba, nima sai da na fara hawa sikeli da babbar mota ana cin tarata sannan na koyi duba irin waɗannan.

Abun da nayi ta ƙoƙarin fahimtar dashi a tsaye a wurin shine ja daban ɗauka daban. Ka tuna amalanken shanu, duk kayan akan taya suke amma akwai wani kaso da yake danne wuyan sa, in wuyan ya gaji ko yana da ƙarfin ja ba inda zashi. Haka tirela take, wuyanta yana zaune akan dunƙulen ƙarfen dake bayan motar, kuma dole ya danna da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na duk nauyinta, in bai kai haka ba zata riƙa kaɗa wutsiya a hanya. Wannan dannin ba a cikin 6,400 zaka cireshi ba, a cikin 1,100 zaka cire, tare da kai da matarka da yaranka da duk tarkacen da ke bayan motar.

Muka zauna a cikin motar na ɗauko waya muka fara. Shi 190. Madam tace ita ba zata faɗa ba, aka yi dariya, daga baya ta rubuta min 160 a waya ta nuna min. Yara uku 95, 70 da 45. An tashi 560 kenan. Ya sa murfi a bodin baya wajen 60, akwatin kayan aiki da shimfiɗar roba 40, mun kai 660. Ita kanta ƙugiyar da ake haɗa tirelar da ita, irin mai sandunan ƙarfe, tana yin 80. Saura 360. Wato abun da wuyan tirela zai iya dannawa kenan kafin motar ta wuce iyakarta, 360 kacal. In ka ɗauki kashi 12, tirelar da duk nauyinta da kaya bai wuce 3,000 ba kenan.

Yanzu koma kan doguwar. Wancan 5,200 ɗin nauyinta ne a bushe, yadda ta fito daga kamfani, ba ruwa ba kaya ba ko cokali. Ba wanda yake jan tirela a bushe sai direban da ya kawota. Sa batir wajen 50. Cika tukwanen gas biyu, 40. Tankin ruwanta galan 40 ne, galan ɗaya kuma laba 8.3, ka samu 330 da 'yan kai. Sai katifu da barguna, tukwane, kujeru, abinci, kekunan yara, kuma ni nasan gidan nan, matar da ke tafiya da turmi ƙarami da buhun shinkafa ba zata yi ƙasa da 600 ba. An kai wajen 6,200. Har yanzu ƙasa da 6,400 ne, eh, amma kashi 12 na wannan 744 ne, alhali littafin motar ma cewa yayi wuya kar ya wuce 640, mu kuma 360 garemu. In ka tara komai motar zata ɗauki 1,484 a inda aka ce 1,100. Akwai kuma lamba ta uku, nauyin mota da tirela a haɗe, na tasa 11,360 ne, da muka tara muka samu 11,440. Ta ko'ina an wuce, wani da kaɗan wani da yawa.

Sai yace toh su kamfanin ƙarya suka yi kenan? Ba ƙarya bane. Akwai ƙa'idar gwaji da ake kira J2807 wadda Toyota ta fara bi tun 2011, sauran manyan irinsu Ford da GM da Ram suka biyo baya wajen 2015, kuma gwajin ba wasa bane, har da hawan tudun Davis Dam a Arizona, mil 11 da wani abu ana hawa, a zafin da ya kai 38 a ma'aunin selshiyos, da esi a kunne har ƙarshe. Amma a lissafinsu mutum biyu ne a motar, kowa laba 150, bodin baya wayam. Ba yara uku, ba kula cike da kaji. Kuma tirelar kwana akwati ce tsaye, iska tana dukanta kamar kana jan bango, ba ɗaya take da jirgin ruwa ko tirelar ɗaukar mota mai nauyi iri ɗaya ba.

Mai saidawar da yaga mun daɗe ya leƙo, yace ai in aka sa ƙugiya mai rarraba nauyi shikenan magana ta ƙare. Wannan ita ce maganar da na fi jin haushi, don rabinta gaskiya ce. Sandunan nan suna ɗaga ƙugun motar su maida wani nauyin kan ƙafafun gaba, kaɗan kuma ya koma kan tayoyin tirelar, sitiyari ya dawo da nauyinsa, fitila ta daina haska sama. Yana da amfani sosai, littafin Tacoma ma ya wajabta shi in tirela ta wuce 5,000. Amma baya canza lambar da ke jikin ƙofa. Birki dai shine, sifirin shine, tayoyin sune. Mutumin aikinsa saida tirela, motarka kuma ba shi zai gyara ba.

Ranar ba a sa hannu ba. A hanyar komawa ba wanda ya min magana, ƙaramar har kuka tayi, wai Baba babba ya hana a siyi gida.

Bayan kwana biyu da ya huce muka zauna muka ga hanya uku ce. Ko ya canza mota ya koma irin F-150 ko Tundra ko Silverado, waɗanda yawanci sitikarsu takan nuna 1,400 zuwa 1,900 ya danganta da kayan alatun da aka cusa mata, don duk abun da aka ƙara, rufin gilashi ne ko kujerun fata, daga nan ake cirewa, shiyasa wani lokacin mai tsadar ta fi mai arha ƙarancin ɗauka. Amma ya kusa gama biyan Tacoma, sabon bashi na shekara shida saboda tafiya biyar a shekara bai min ba, shima bai masa ba. Ko kuma madam ta biyo shi a baya da motarta da yaran, nan take 370 ta dawo masa. Tace in dai tuƙi zata yi na awa shida da yara suna faɗa a baya toh wane hutu akayi, a bar maganar. Saura ta uku, a nemi ƙarama.

Nace kafin ka siya kayi haya, akwai masu bada tasu haya na kwana biyu uku. Ya samo wata mai tsawon ƙafa 17, taya ɗaya kowane gefe, a bushe wajen 3,000, itama da gadaje masu hawa biyu sai dai komai a matse, in mutum ɗaya yana girki sauran sai su zauna ko su fita. Kafin nan sai da aka sa wa motar na'urar birkin tirela, don tasa bata zo da ita ba, wayar ce kawai a ajiye a ƙarƙashin sitiyari. Tirelar tana da birkin lantarki nata, ta soket mai baki bakwai yake samun umarni, in babu na'urar nan toh birkin motar kaɗai ke tsaida su biyun, littafin kuma yace duk abun da ya wuce laba 1,000 sai da birkinsa. Ya cire murfin bodi da akwatin kayan aiki ya ajiye a gareji, 100 ta dawo, yanzu yana da 460 na wuya.

Suka nufi Hocking Hills, wajen awa ɗaya ne daga Columbus ta hanyar 33, ni ina binsu a baya a motata don nace sai na gani da idona. Abun da ban sani ba, maganata ta shige shi fiye da kima. Tunda nace wuya kar yayi nauyi, sai ya kwashe duk masu nauyin, kula biyu, katan ɗin ruwa, shinkafa, janareta ƙarami, ya jibge su can ƙarshen tirelar ƙarƙashin gadon yara, ya ɗaura kekuna biyu a bamba ta baya. Wuya yayi sakayau, shi a ganinsa yayi dabara. Muna wuce Lancaster yana kan mil 65 wata babbar mota ta zo ta wuce shi, iskarta ta fara tura bayan tirelar sannan ta tsotso ta, ina kallo wutsiyar ta tafi dama ta dawo hagu, ta sake tafiya fiye da na farko, karo na uku har bayan Tacoma ɗin ya fara binta. Wallahi sai da na ji cikina ya juya. Allah Ya taimaka ya tuna abun da muka yi ta maimaitawa a fakin, bai taka birki ba, bai yi kokawa da sitiyari ba, ya ɗaga ƙafa daga totur ya matse ɗan hannun na'urar birkin tirela, ita kaɗai ta ja baya ta miƙe kamar an ja igiya. Muka sauka a gidan mai na gaba, ya fito hannunsa na rawa, madam bata ce uffan ba sai salati, yaran kuwa wai a sake.

A nan muka sauke komai a ƙasa muka sake lodi. Masu nauyi a ƙasa, daidai kan tayoyi ko ɗan gaba da su kaɗan, marasa nauyi a baya, kekuna a cikin tsakiyar ɗakin a ɗaure. Duk wanda ya taɓa tura kurar ruwa ya san wannan, in jarkokin suka taru a ƙarshe ɗaya kurar ce zata riƙa juya ka. Na kuma ce masa ya tsaya a 60, don tayoyin tirela da yawa iyakarsu 65 ce sai in an rubuta wani abu daban a jikinsu. Daga nan har muka isa ko gezau.

A dawowa na kaisu sikelin manyan motoci, irin na CAT da ke gidajen man 'yan tirela, kuɗin bai kai dala 20 ba kuma kowa zai iya hawa. Faranti uku ne a jere, ƙafar gaba a ɗaya, ƙafar baya a na biyu, tayoyin tirela a na uku. Muka hau da kowa a ciki, tankin mai cike, sandunan ƙugiyar a sake ba a ɗaure ba: gaba 2,560, baya 3,000, tirela 3,090. Muka je muka cire tirelar muka dawo da motar kaɗai, 5,150. Ka cire wannan daga 5,560 ka samu 410, shine ainihin nauyin wuya. Tirelar gaba ɗaya 3,500 kenan, wuyan kashi 11.7, daidai inda ake so. Motar kuma iyakarta gaba ɗaya 5,600, tana 5,560. Rarar laba 40. Da tirela mai ɗan sama da rabin abun da talla tace motar zata ja. Ya daɗe yana kallon takardar nan, can yace Yaya da waccan muka ɗauka fa? Nace ka tambayi hanyar 33.

Sauran abubuwan da hayar ta koya masa ƙanana ne amma suna da ciwo. Mai, motar da take yin mil 19 zuwa 20 a galan ta koma 11, tankinta galan 21 ne, wato duk mil 200 ko ƙasa sai an nemi gidan mai, kuma ba kowanne zaka iya shiga da tirela ka fita ba. Giya tana ta hawa da sauka tsakanin na biyar da na shida har sai da ya riƙe ta a na huɗu. Ribas kuwa kar ma ayi magana, sai da maƙwabcinsu na sansanin, wani dattijon bature, ya ajiye kofinsa ya zo yana masa hannu, sau bakwai kafin ta shiga. Wannan fa a Ohio ne da tuddanta basu taka kara sun karya ba. Burinsa Smoky Mountains a Tennessee, daga baya ma wai Colorado, inda injin da bashi da turbo yake rasa wajen kashi 3 na ƙarfinsa a duk ƙafa 1,000 da ka hau, hanyar I-70 kuma tana haura ƙafa 11,000 a ramin Eisenhower da hanyar ta ratsa ta cikin dutse. Nace wannan sai ka shekara biyu tukunna.

Ƙarshe dai irin wadda yayi hayar ya siya, ta hannu, ƙirar 2021. Shekarar ce aka fi kowace ƙera su, in aka haɗa da sauran ire-iren motocin kwana sama da 600,000 kamfanoni suka fitar, mafi yawa daga yankin Elkhart a Indiana nan maƙwabtanmu, mutane suka siya da zafin korona daga baya suka gaji, shiyasa na hannu suka cika kasuwa. Amma an yi su cikin gaggawa, don haka sai da muka hau rufin da tsani muka bi duk inda aka liƙe, muka danna bango da kusurwoyin ƙasa ko akwai laushi, don ruwa shine ajalin abun nan, biyu muka bari saboda warin danshi. Mun zaɓi mai faɗin ƙafa 7 maimakon 8, iska ta ragu kuma yana ganin bayansa da ɗan ƙarin madubi. Unguwarsu basa yarda a ajiye tirela a ƙofar gida, sai ya kama wajen ajiya yana biya duk wata, wannan bai shiga lissafinsa ba sam, kuma duk Oktoba sai ya zuƙe ruwan bututun ya zuba maganin daskarewa mai ruwan hoda kafin sanyin Ohio ya fasa su.

Yanzu tafiyarsu ta shida kenan. Tankin ruwa basa cika shi sai sun isa, bodin motar ba a sa komai sai kujerun roba biyu, shinkafar madam tana da wajenta a ƙasan teburi daidai kan taya. Ta yi mana tuwo da miyar kuɓewa a bakin tafki a watan Yuli, turawan gefe suna ta leƙe. Damuwar da ta rage ita ce babban yaron, shekararsa 12, daga bara zuwa bana ya ƙara laba 18, ta biyun ma tana biye dashi, wato rarar 40 ɗin nan ba zata kai baɗi ba. Satin da ya wuce ya turo min hotuna uku daga wajen masu saida motoci, na buɗe ina zaton zan ga mota, ashe duk sitikar jikin ƙofa ce, 1,380 da 1,640 da 1,815, a ƙasa ya rubuta Yaya wacce.